Kwandon da Ke Cikin Kwamfuta

Aikina na farko a wani shagon buga takardu ne kusa da Gare, tashar lodin kaya ta garinmu Parakou, inda direbobin manyan motoci ke cika mana wuri da hayaniya, kowa na rantsuwa takardarsa ce ta fi gaggawa. A nan na koyi kwamfuta, kuma na koye ta da kyau. Ba cika baki ba, ina iya buga takardar kaya ina faɗa da direba ina tauna gyaɗa, a gama ba a sami harafi ɗaya a karkace ba. Don haka ranar da Direktan makarantar unguwarmu ta Guéma ya aiko a tambaye ni ko zan iya koya wa yaran firamare, ban tsaya jan aji ba. Na ce zan iya, amma a ba ni ɗaki na kaina mai ƙofa da makulli.

Makarantar irin wadda ake haɗa karatu biyu ce, Faransanci da safe, Larabci da Alƙur'ani da yamma. Ɗaliban wani babban malami na garin Djougou ne suka kafa ta, shi ya sa duk maganar da ta fi ƙarfin Direkta can ake kai ta, abin da tsohon ya yanke kuwa ya yanku. Ɗakin da aka ba ni ma'ajiyar karyayyun bencina ne. Ni na share shi, ni na tsaya aka ja wayar wuta, ni na zauna da tsofaffin kwamfutocin da wani ɗan kasuwa ya kwaso mana daga Cotonou, ina ciro kayan cikin wannan ina sa wa waccan, har 'yan kaɗan suka yarda suka kama. Ina faɗar wannan ne don a san matsayin ɗakin nan a wurina. Da hannuna na haɗa shi, kuma ina sonsa.

Koya wa yaro kwamfuta ba wuya, in dai ka yarda za ka sha dariya. Abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, yarana kusu suke ce masa. Wani ya ɗaga shi sama yana nuna wa gilashin kamar mai kunna talabijin, wata ta riƙe shi da yatsu biyu tana jiran ya cije ta. In kusun ya kai bakin tebur, kibiyar da ke yawo a gilashin ba ta kai inda ake so ba, sai ka ga yaro ya ci gaba da ja a kan cinyarsa. Da yake na'urorin ba su isa kowa ba, na sa kowane yaro ya zana madannan haruffa a bayan kwali, masu jiran layi suna ta buga kwalinsu, ranar da aka ɗauke wuta kuwa kowa da kowa ya koma kwali. Kafin shekara ta raba, 'yan manyan aji suna buga sunayensu ba sa kallon yatsunsu. Iyayen da suka ce wasa na zo koya wa 'ya'yansu, su ne suka koma leƙowa ta taga.

Akwai abu ɗaya da ban koya musu ba, da shi suka zo. Duk yaron da ya buɗe sabon shafi, kafin ya rubuta komai sai ya fara buga Bisimilla a sama, da haruffan boko, kowa da yadda yake jera nasa. Haka malamansu na yamma suka hore su a kan allo da littafi, hannu ya saba. Abin ya burge ni, ban hana ba. Sai dai yara ba su san ajiye abu a muhallinsa ba. Kowa ya gama sai ya adana shafinsa a fuskar kwamfutar, nan inda ido ke fara sauka. A hankali fuskar ta cika maƙil, har yaro ya ɓata rabin darasi yana neman nasa. Na ce to, lokaci ya yi da za a koyi share abin da aka gama da shi.

A kusurwar fuskar kowace kwamfuta akwai ɗan hoton kwandon shara. Abin da ba ka so, sai ka kama shi da kibiya, ka ja, ka saki a kan kwandon. Ƙanana na fara shigarwa ranar, kafin hutun cin abinci. Sun ji daɗin darasin ƙwarai, musamman da suka lura in ka saki shafi, hoton kwandon na sauyawa ya nuna ya cika da takardu. Suka yi ta ja suna saki suna shewa, kafin a kaɗa ƙararrawa fuskokin sun yi fes.

Bayan hutu manya suka shigo. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, ɗiyar wani Alhaji mai manyan motoci a Gare, ita ta fi kowa hannu a ɗakin. Ba ta da surutu, amma in ta yi tambaya sai ka gyara tsayuwa. Na nuna musu yadda ake yi, na ce kowa ya gwada. Ina zagayawa na iske ta riƙe da kusu, ta kama shafinta, ba ta ja ba.

"Madam, cikin poubelle, kwandon sharan nan, za mu sa shi?"

Na ce, "Eh, ja ki saki. Ke da ke koya wa wasu, yau mi ya faru?"

"Akwai Bisimilla a ciki, Madam."

Hannaye suka fara barin kusu ɗaya bayan ɗaya. Na gane abin da take nufi nan take, don a gidanmu ma takarda mai sunan Allah ba ta shiga shara. In ka gan ta a ƙasa ka ɗauka ka ɗora a sama, in sun taru a ƙona su a wuri mai tsabta. Ruwan da aka wanke allo da shi ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Da wannan na tashi, kuma har gobe ina yi. Amma duk shekarun da na yi ina share takardu a kwamfuta, ban taɓa ɗaukar hoton nan a matsayin shara ba, don na san ba ita ba ce.

Na yi musu bayani. Na ce babu takarda a nan, babu kwando, hoto ne kawai aka zana don mutum ya gane inda zai danna. Yarinyar ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To mi ya sa sunka zana kwandon shara, in ba shara ba ce?" Na ce waɗanda suka ƙera na'urar ne suka ga dama. Ta dube ni irin kallon wanda ke jiran sauran amsa. Ban tilasta wa kowa ba, na ce a bar shafukan inda suke, muka koma darasin zane. A zatona maganar ta mutu a nan.

Ashe ƙanenta na cikin ƙananan da suka shiga da safe. Da suka koma gida ta tambaye shi abin da suka yi, ya ba ta labari da murnarsa, ita kuma ta faɗa masa abin da ya jefa. Yaro ya fashe da kuka. Daga nan magana ta fita. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, Guéma duk ta ɗauka cewa Madam mai kwamfuta na sa yara zubar da sunan Allah a shara. Da labarin ya kai unguwar Tourou kuwa, har an ƙara masa gishiri, wai takardun Larabci na yayyaga a gaban yara. Wata ƙawar mahaifiyata ta zo har gida tana salati, tana tambaya ko aljanu ne suka taɓa ni.

Direkta ya kira taron iyaye a farfajiyar makaranta. Alhajin nan, uban yaran biyu, shi ya fara magana, kuma ban ga laifinsa ba, don a hankali ya yi ta. Ya ce, "Malama, ba faɗa munka zo ba. Ɗana ya ƙi abinci, ya ce ya jefa sunan Allah a shara, wuta za shi. Ni mi zan ce mai?" Kafin in buɗe baki wasu suka karɓe. Wannan ya ce tun farko ya san za a rina, wancan ya ce kayan nasara ba sa zuwa su kaɗai, wani daga baya ya ce mace aka bai wa ɗaki da makulli, me ake jira. A nan zuciyata ta hau. Na miƙe na ce kowa ya fiddo wayarsa.

Na ce, "Saƙon Juma'a da ake turo muku, mai addu'o'i da sunayen Allah, in portable ta cika mi kuke dannawa? Ba hoton kwandon nan ba ne? Ko naku kwandon daban ne?"

Maganata gaskiya ce, har yau ban janye ta ba, kuma na ga waɗanda suka mayar da hannu aljihu a hankali. Sai dai dattijon da ka ƙure a gaban jama'a ba ya tashi ya gode maka. Hayaniya ta tashi fiye da da, tambayar Alhaji ta bi iska ba wanda ya amsa ta. Direkta mutumin kirki ne, amma ba ya son tashin murya. Ya ɗaga hannu ya ce an rufe ɗakin kwamfuta sai abin da Malam na Djougou ya ce. A gaban kowa ya karɓi makullin daga hannuna ya sa a aljihu. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na kai gida, kuma na baƙin ciki ne, ba na nadama ba.

Na ji Direkta na shirin tafiya Djougou shi kaɗai. Na same shi a ofis na ce ƙafata ƙafarsa. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, in ya kai maganar zai kai ta ne yadda aka faɗa masa a bakin masallaci, a rufe mini ɗaki har abada a kan abin da ba wanda ya gani da idonsa. Ya yi ta kame-kame, wai ba a saba mace ta zauna gaban Malam a kan irin wannan ba. Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Ta ce za ta raka ni, ta kuma gaya mini dalili ba ɓoye-ɓoye: "Ba don in tare miki zan je ba. Don in riƙe bakin nan naki ne."

Ban tafi hannu sake ba. Na ɗauki hoton ƙwaryar Inna da ruwa a ciki, na rage shi ya zama ɗan ƙarami, na sa shi a madadin kwandon a kwamfutata ta hannu, na rubuta "wankin allo" a ƙarƙashinsa. Yanzu in ka ja shafi, cikin ƙwaryar ruwa yake faɗawa. Na zauna ina kallon aikina ina jinjina wa kaina. Na ce duk wanda ya ga wannan, bakinsa ya mutu.

Muka shiga motar haya da safe, ni da Inna a baya an matse mu da wata mai buhun doya, Direkta a gaba. Kwamfutar na kan cinyata, na rungume ta duk ramin da muka faɗa. Inna ta sayi goro da wagashi, cukun Fulani, na gaisuwa. Hanya duk gonakin kaju ne da motocin auduga, ni kuwa ba abin da nake yi sai maimaita jawabina a zuci. Mun shiga Djougou ana kiran azahar, masallatai na amsa wa juna ta kowane lungu.

Malam ɗan ƙaramin tsoho ne, yana zaune a kan buzu a zaurensa, littattafai jere a jikin bango. Da jikokinsa yaren Dendi yake yi, da ya juyo gare mu sai ya koma Hausa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi Parakou da mutanenta gida gida, aka kawo mana wasa-wasa, ya ce sai mun ci za a yi magana. Direkta ya kawo bayani, kuma in faɗi gaskiya bai rage ba bai ƙara ba. Da ya gama Malam ya dube ni ta saman gilashin idonsa.

"Ɗiyata, kin zo da abin? Nuna mini, ban son yanke magana a kan ji."

Na matsa na buɗe. Na mayar da hoton kwandon yadda yake a makaranta, na buga shafi, na ja na saki. Ya sa na sake. Ya tambaye ni, in an share rubutu gaba ɗaya, ko yana fita ta wani wuri da za a iya takawa. Na ce a'a, Allah ya gafarta Malam, wurin kawai yake komawa fili a sake rubuta wani abu. Ya gyaɗa kai ya ce su ma kullum suna wanke allo, ba wanda ya taɓa cewa sun yi laifi, gogewa ba laifi ba ce. Na ji sanyi a raina, na ce yanzu lokacin ƙwaryata ne. Na fito da ita, na ja shafi na saki a cikin ruwa. Malam ya yi dariya har da tafa hannu, ya kira wani ɗansa ya zo ya gani.

Ya ce, "Wanga aiki ya yi kyau. Amma gaya mini, in yaran ga sunka girma, sunka tafi aiki a banki ko bakin ruwa a Cotonou, ƙwarya za su iske ko kwando?"

Na ce, "Kwando."

"To kin ɓoye musu ne, ba ki koya musu ba. Randa sunka ga kwandon, ba ki nan, ni ma ba ni nan."

Raina ya sosu, don ƙwaryar nan na sha wahalarta. Ya tambaye ni ko ana iya goge layi ɗaya a bar sauran. Na ce ana iya. Ya ce to ga abin da yake so: yaro ya buɗe shafinsa, ya goge sunan Allah da hannunsa tukuna, yadda ake wanke allo, sannan abin da ya rage a kai shi duk inda ake kaiwa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na'urar ba ta san bambanci ba. Ko an goge ko ba a goge ba, ɗaya ne a wurinta."

Inna ta mintsine ni a baya har sai da na ɗaga kafaɗa. Malam ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ya ce, "Na ji, kuma na yarda. Ni ba ni da magana da na'ura, yaran aka ba mu. Ban son hannun yaro ya saba da jan sunan Allah zuwa hoton shara, ko da hoto ne. Yarinyar da ta tsaya ta ƙi ja, wa ya koya mata tsayawa? Mu ne, da uwayenta. In za ki ba ta kwamfuta ki karɓe mata wannan, ba za su bar miki ɗiyansu ba, ni ma ba zan ce su bari ba."

Na ce zan yi, amma da sharaɗi. Zan gaya wa yara gaskiya cewa na'urar ba ta buƙatar haka, mu ne muke yi don ladabi, ba zan koyar da ƙarya a ɗakina ba. Direkta ya zaro ido, don bai taɓa jin an gindaya wa Malam sharaɗi ba. Tsohon kuwa ya ce haka ma ya fi so. Ya umarci Direkta ya buɗe ɗakin, a kira iyaye a yi abin a gabansu. Sannan ya ƙara da cewa ƙofa kawai yake da ikon buɗewa, ba ya iya tura ɗan kowa ciki, wannan ya rage tsakanina da mutanen Guéma.

A hanyar dawowa na yi ta ƙunƙuni, Inna na gyangyaɗi a kafaɗata. Can sai na fara lissafa abin da yaro zai yi kafin ya share shafi ɗaya a sabuwar hanyar: ya nemo shi, ya buɗe, ya zaɓi layi, ya goge, ya adana, ya rufe, sannan ya ja. Waɗannan su ne abubuwan da nake fama da su tun farkon shekara, yara na mantawa don ba su ga amfaninsu ba. Yanzu za su yi su kullum, da natsuwa, ba sai na ɗaga murya ba. Na ce ashe ban faɗi ba. Abin da ya rage shi ne a sami yaran da za a koya wa, kuma na san in Alhaji ya janye nasa, rabin ajin zai bi shi.

Ranar Asabar da hantsi aka yi taron. Direkta ya miƙo mini makulli, na buɗe, na kakkaɓe ƙura, na kunna na'urorin ina addu'ar kar a ɗauke wuta. Iyaye suka cika ɗakin da manyan rigunansu, wasu a taga, yara a rakuɓe jikin bango. Direkta ya faɗi abin da Malam ya yanke. Ni ban yi dogon jawabi ba, kuma ban ambaci wayar kowa ba. Na kira ɗiyar Alhaji na ce ta zauna. Ta buɗe shafinta, ta zaɓi layin sama, na ga leɓenta na motsi, ta goge, ta adana, ta rufe. Sannan ta kama shi ta ja har kan kwandon ta saki. Aka fara gyaɗa kai, wani ya ce madalla, wanda ya yi maganar kayan nasara ma ya ce ai in haka ne ba komai.

Alhaji kuwa yana tsaye kusa da ƙofa, ƙaramin ɗansa na riƙe da gefen rigarsa, yaron ya ƙi ɗaga ido ya dubi kwamfutocin. Yaron ya faɗa ƙwarai, wuyansa har ya fito. Da surutu ya lafa, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malama, wanga na gobe ne, mun ji. Wanda ya riga ya jefa fa?"

Duk rigimar nan, daga Guéma har Djougou, gardama ake ta yi a kan ko ya halatta ko bai halatta ba, ba wanda ya tambayi inda shafukan ƙanana suke. Ni kuwa na san inda suke. Kwandon kwamfuta ba ya zubar da abin da aka sa masa sai an ce ya zubar, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa na'urorin. Na tambayi yaron a kan wacce ya zauna. Ya nuna ta kusa da taga da haɓarsa. Na je na buɗe kwandon, ga shafukan nan jere, ko ɗaya bai ɓata ba.

Na ce, "Zo ka ga. Yana nan, ba abin da ya same shi. Kai ka sa shi, kai za ka fiddo shi."

Ya dubi babansa. Alhaji ya ɗan tura shi da hannu. Yaron ya hau benci, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Na nuna masa sunansa, na nuna masa inda zai danna a mayar da abu inda aka ɗauko shi. Ya kama kusu da hannu biyu, ya kuskure, ya sake. Shafin ya fita daga kwandon ya koma fuskar kwamfutar. Ya buɗe shi da kansa. Ga Bisimillarsa a sama yadda ya buga ta, a ƙasa kuma 'yan layukan Faransanci, don ranar na ce kowa ya rubuta wani abu a kan gidansu. Ya sa yatsa a kan gilashin ya taɓa layin farko, sai ya ja wani dogon numfashi har kafaɗunsa suka sauka. Ni kaina sai da idona ya ciko.

Alhaji ya matso ya sunkuya. Ba ya karanta Faransanci, sai ya tambayi ɗiyarsa mi aka rubuta a ƙasa. Ta karanta masa ta mayar da Hausa: babana yana da babbar mota, yana tafiya da nisa, in na girma zan zauna kusa da shi. Ta tambaye shi ko a goge sunan Allah a share shafin yadda Malam ya ce.

Ya ce, "A'a. Wanga a bar shi."

Sauran iyaye suka fara turo ƙananansu, kowa na so nasa ya fiddo abin da ya jefa, ɗaki ya kacame, ina zagayawa daga wannan na'ura zuwa waccan. Cikin hayaniyar na ji Alhaji na tambayar Direkta ko ranar Litinin da safe ne ƙanana ke shiga, kar a makara. Wani ya leƙo ya ce wa Alhaji direbobinsa na jiransa a Gare, an gama lodi. Ya ce su jira. Yaron ya ce bai gama rubutunsa ba, akwai sauran layi. Yana neman haruffa da yatsa ɗaya, a hankali, uban na tsaye a bayansa, bai ce ya yi sauri ba.